Waƙar coci a bakin fiyano: rajistar aikin shirya kiɗan Polan

4 ga Nuwamba, 2024

An tsayar da iyakar aikin. Za mu shirya zaman kiɗa na kimanin minti 70, mu kuma ɗauke shi a faifai, a kan sawun da ibadar Kirista ta bari a kiɗan fiyano na ƙasar Polan daga 1946 zuwa farkon wannan ƙarni. Kayan da ke hannu: babban fiyano na kwance mai feda uku, ƙaramin fiyano na tsaye, mawaƙiya ɗaya, mai busa kilarinet da mai goga celo.

Sharaɗin shiga jerin guda ɗaya ne. Bai isa a ce mai kiɗan mutum ne mai zuwa coci ba. Dole a iya ɗora yatsa a kan takardar kiɗan a nuna abin: ko karin wata waƙar sujada da jama'a suka sani, ko tafiyar muryoyi huɗu irin ta kwaya, ko bugun ƙararrawa, ko maimaici irin na addu'a. Wannan sharaɗi ya fitar da sonatar fiyano ta mai tsara kiɗa Henryk Górecki, Op. 6 (wato aikinsa mai lamba 6), ta 1956. Górecki ɗan Katolika ne na gaske, shi ya tsara Beatus Vir da aka yi a Krakow a watan Yunin 1979 a gaban Fafaroma John Paul na Biyu. Amma sonatar aikin saurayi ce ɗan shekara 22, duka da tsalle, ta fi kusa da salon Bartók, mai tsara kiɗa ɗan Hungary, fiye da bagade. Sa ta a jerin zai zama ɗora wa kiɗa maganar da bai yi ba.

Binciken farko ya nuna cewa kiɗan fiyano zalla mai ɗauke da addini a fili ba shi da yawa a Polan ta bayan yaƙi. A taron Łagów na 1949 gwamnatin kwaminis ta shata wa masu tsara kiɗa layin da za su bi, kuma babu gurbin coci a kan layin. Da ƙofa ta fara buɗewa bayan 1956, manyan sai suka nufi kwaya da okestira, domin can kalmomin addu'a suke da wurin zama. Penderecki ya fito da Shan Wahalar Yesu bisa ga Luka a 1966, Kilar ya fito da Bogurodzica, a kan tsohuwar waƙar Maryamu, a 1975, Górecki ya rubuta Simfoni ta 3 a 1976. Fiyano ta gefe ya samu rabonsa: rakiyar murya, konceto (fiyano tare da okestira), da ƙaramin rukunin makaɗa. Ta nan jerinmu zai bi.

11 ga Nuwamba

Chopin, mai tsara kiɗan fiyano ɗan Polan na ƙarni na 19, ba na zamani ba ne, amma ba a fahimtar na baya sai an ji inda suka sha ruwa. Guda biyu nasa za su buɗe zaman: Nocturne Op. 15 lamba 3, wanda ya rubuta "religioso" (wato cikin ibada) a kan sashensa na biyu, da Scherzo na 1, Op. 20, da aka buga a 1835.

A Scherzon ne aikin yake. Bayan guguwar farko a B maina (jerin sauti mai duhu), kiɗan yana komawa B meja (mai haske) a sashen Molto più lento (wato a hankali sosai), inda Chopin ya ɗauko waƙar Kirsimeti "Lulajże Jezuniu", wadda Maryamu ke lallashin jariri Yesu da ita. Karin waƙar ba a saman hannun dama yake ba. Yana ƙarƙashin babban yatsa, ƙaramin yatsa kuwa yana ta taɓa F♯ a can sama tsakanin kowane sauti da na gaba. Matsalar da ke fitowa kusan a kowane hannu ita ce F♯ ɗin ya rinjayi waƙar. Dalilin ba rashin kulawa ba ne. Kunne da kansa yana bin sautin da ya fi tsayi, sannan in hannu ya buɗe don ya kai nesa, wuyan hannu yana karkata wajen ƙaramin yatsa, nauyi ya zube can.

Gyaran da muke bi, mataki-mataki. A fara raba aikin: hannun dama ya buga karin shi kaɗai, na hagu ya buga F♯, har kunne ya riƙe yadda ya kamata su daidaita. Sannan a mayar da su hannu ɗaya, amma ƙaramin yatsa ya taɓa maɓallin kawai ba tare da ya danna shi ƙasa ba. Daga nan a bar shi ya danna daga saman maɓallin, ba ɗaga yatsa. Gwiwar hannu ta ɗan matso jiki domin nauyi ya koma kan babban yatsa. Feda ana canza ta da canjin sautin ƙasa na hannun hagu, ba da kowane sautin kari ba, in ba haka ba ƙasan ya yanke.

Saurin kuwa kada a ja shi har ya zama makoki. Waƙar reno ce, tafiyarta irin ta uwa mai jijjiga goyo, ba ta tsayawa ba ta gaggawa. Kuma dunƙulallun sautuka biyu masu tsananin ƙarfi da suka buɗe Scherzon, waɗanda ke dawowa su katse renon, kada a yi musu shimfiɗa da jinkiri ko ƙarin ƙara. Su faɗo ba sallama.

19 ga Nuwamba

Makon nan ba mu taɓa takardun manyan ba. Mun zauna sauraron yadda jama'ar coci a Polan ke rera waƙoƙinsu, musamman Gorzkie żale, makokin shan wahalar Yesu da ake yi ranakun Lahadi na lokacin azumi kafin Ista, wanda aka fara bugawa a 1707 a cocin Gicciye Mai Tsarki na Warsaw (cocin da zuciyar Chopin ke ajiye a ɗaya daga cikin ginshiƙansa), da roƙon "Święty Boże". Abin da muka fitar zai shafi duk sauran aikin.

Jama'a ba sa bin na'urar ƙidayar bugu, numfashi suke bi. Layin waƙa tsawonsa numfashi ɗaya ne, a ƙarshensa kowa ya ja iska, mai ogan ya jira su. Wannan ɗan jiran ba a rubuce yake ba, amma in aka cire shi waƙar ta daina zama ta coci. Sannan taron mutane ba ya kumbura sauti a tsakiyar kalma kamar mawaƙin dandali, sautinsu a miƙe yake. To fiyano fa? Da guduma ta bugi tsirkiya, sautin ya fara mutuwa ke nan, ba mai iya ƙara masa rai. Murya da ogan suna riƙe sauti, fiyano ba ya riƙewa. Duk wahalar wannan shiri a nan take, kuma kowane mai tsara kiɗa a jerinmu wata dabara ya nemo don ya kewaye ta.

Ƙa'idar aiki daga yau: duk wani sashe mai kamar waƙar sujada, mai fiyano sai ya rera layin da bakinsa kafin ya buga. Inda numfashi ya ƙare masa, a sa alama da fensir. In ya kasa kai layi ƙarshe da numfashi ɗaya, saurin ya yi ƙasa da yawa.

Mun kuma fara ɗan gajeren tsari namu na Bogurodzica, tsohuwar waƙar Maryamu wadda rubutunta mafi tsufa na wajen 1407 ne, wadda marubucin tarihi Jan Długosz ya ce sojojin Polan sun rera a yaƙin Grunwald na 1410. Andrzej Panufnik a kanta ya gina Sinfonia Sacra a 1963, don cikar shekara dubu da baftismar sarki Mieszko na Ɗaya a 966. Karin murya ɗaya ne, ba awon bugu, yana zaune a kan D, fararen maɓallai zalla. Baiti biyu na farko muka ɗauka. Hannu biyu suna buga karin a tazarar oktaf biyu (oktaf shi ne tazara daga sauti zuwa takwaransa na gaba mai suna ɗaya), da D da A a can ƙasa suna riƙe da shi. Abin gudu shi ne C♯. Hannun da ya saba da littafin waƙoƙin coci na ƙarni na 19 da kansa yake kai wa C♯ a ƙarshen layi, kuma da ya shiga, tsohuwar waƙar ta koma sabuwa da shekara ɗari huɗu.

27 ga Nuwamba

Haƙƙin mallaka. Chopin da tsofaffin waƙoƙin coci na kowa ne. Sauran ba haka ba: Lutosławski ya rasu a 1994, Górecki a 2010, Kilar a 2013, Penderecki a 2020, kuma dokar Polan da Tarayyar Turai tana kare aiki shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Izinin yin kiɗa a bainar jama'a daban, na ɗauka a faifai daban, na sauya tsari (kamar mayar da okestira kan fiyano na biyu) shi ma daban, kuma wannan na ukun ne ya fi ɗaukar lokaci. Ayyukan Kilar suna hannun kamfanin buga takardun kiɗa PWM na Krakow, na Penderecki a Schott, na Górecki na baya-baya a Boosey & Hawkes. Wasiƙu sun tafi. Kafin amsa ta zo, duk wani sauyi da muka yi na ɗakin gwaji ne kawai.

6 ga Disamba

Witold Lutosławski, Waƙoƙin Kirsimeti Ashirin, na murya da fiyano, 1946. PWM ne ya ba shi aikin, ya kuma ɗebo waƙoƙin daga tarin ƙarni na 19 na Fada Michał Mioduszewski da na Oskar Kolberg. A shekarun 1980 ya sake musu tsari na kwayar mata da okestira, amma na fiyanon muke so. Mun zaɓi shida, ciki har da "Bóg się rodzi", "Jezus malusieńki" da "Lulajże Jezuniu", domin mai sauraro ya ji waƙar da Chopin ya ɓoye a ƙarƙashin babban yatsa ta fito da kalmominta.

Lutosławski ba a san shi da kiɗan coci ba, kuma wannan ne ya sa aikin ya yi daraja a idonmu. Bai taɓa karin waƙoƙin ba, ya bar shi yadda ya same shi a tsofaffin tarin. Fiyanon ne ya ƙi bin hanyar da aka saba: sautukan da ke ƙarƙashin murya sau da yawa ba waɗanda kunne ke jira ba ne, suna gogar karin, suna kauce masa, sannan su sadu da shi. Abu biyu ke lalacewa a nan. Mawaƙiya tana jin gogar sai ta zame ta bi fiyano, sautinta ya sauka. Maganinsa ta haddace karin ba rakiya, sannan a shigo da hannun hagu shi kaɗai, hannun dama daga baya. Na biyu, mai fiyano yana jin kunyar sautukan da ke goga, sai ya lulluɓe su da feda ko ya buga su can ƙasa-ƙasa, sai su zama kamar kuskure. A buga su a fili da feda kaɗan. In an ji su sarai, kunne yana karɓarsu.

"Bóg się rodzi", wadda Franciszek Karpiński ya rubuta kalmominta aka buga a 1792, tafiyar rawar polonez take da ita, bugu uku, takun manya. A harshen Polan nauyin kalma kusan kullum a gaɓar kusa da ƙarshe yake, kuma a wannan waƙa nauyin kiɗa da na kalma ba koyaushe suke haɗuwa ba. Mun bar fiyano ya riƙe takun rawar, murya ta sassauta inda suka saɓa. Ga mawaƙiya: ł ana faɗinsa kamar w, j kamar y, w kuma sautin v ne.

16 ga Disamba

Hunturu ya shigo, fiyano ya amsa. Ma'aunin danshi a ɗakin ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, A ta tsakiya da ya kamata ta tsaya a 440 ta sauko 437. Allon katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana da ɗan tudu a tsakiya. In iska ta bushe katakon ya tsuke, tudun ya kwanta, tsirkiyoyi su saki. Tsakiyar fiyano ta fi sauka fiye da gefe biyu, shi ya sa oktaf ke fara kuka kafin komai. A kiɗa mai gudu ana iya haƙuri da wannan. A dunƙulen sauti da za a riƙe daƙiƙa biyar, kowane ɗan saɓani sai an ji shi yana kaɗawa.

Matakan da aka ɗauka: injin feshin danshi a ɗakin, nesa da fiyano da mita 2, ana neman kashi 40 zuwa 45. Ba a sa kwanon ruwa cikin fiyano, tsatsa yake jawowa. An toshe ƙasan ƙofa da tagogi saboda ƙura, murfi a rufe in ba a aiki. Mai saiti ba zai taɓa shi ba sai danshin ya zauna wuri ɗaya na mako biyu, in ba haka ba katakon zai sake kumbura ya ɓata saitin. In ya zo, zagaye biyu zai yi: na farko ya ja duka tsirkiyoyin, sama da 200, zuwa kusa da 440, na biyu ya daidaita su. Jimlar jan da ke kan ƙarfen fiyano ta kusa tan 20, don haka in ka ja ɓangare ɗaya, ɗayan yana motsi.

8 ga Janairu, 2025

Wojciech Kilar, Konceton Fiyano na 1, 1997, wanda Peter Jablonski ya fara bugawa a bikin kiɗan Warsaw na lokacin kaka. Duniya ta fi sanin Kilar da kiɗan fina-finai, amma a Polan an san shi da kusancinsa da gidan ibada na Jasna Góra a Częstochowa, da kuma Angelus na 1984, inda kwaya ke ta maimaita gaisuwar Maryamu kamar masu jan rosari. Konceton kashi uku ne, na tsakiya shi ne Corale (waƙar sujada), da umarnin Largo religiosamente (a hankali, cikin ibada). Shi muke so, a fiyano biyu.

A takarda babu abin da ya fi shi sauƙi: dunƙulallun sautuka a jere, hannu biyu na tafiya tare. A hannu kuwa babu inda za a ɓuya. Mun gwada sauri uku. A bugu 40 a minti, sauti mai bugu huɗu yana ɗaukar daƙiƙa 6, kuma a ɗakinmu mai labule da kafet muryar sama ta riga ta dushe kafin na gaba ya iso, layin ya tsinke ya zama duwatsu a jere. A 60 daƙiƙa 4 ne, layin ya haɗe, amma ya zama tattaki, ibadar ta fita. A 48, daƙiƙa 5, ya zauna. Wannan adadi na ɗakin nan ne. A babban cocin dutse inda amo ke yawo daƙiƙa huɗu ko fiye, ginin da kansa yake riƙe sautin, sai a iya sauka ƙasa da haka.

Abubuwan da ke sa dunƙule ya yi waƙa:

Muryar sama ta fi sauran nauyi, kuma daga kafaɗa nauyin yake zuwa ta ƙaramin yatsa a tsaye, ba daga bugun yatsa ba. Ta ƙasa ce ta biyu a ƙarfi. Na tsakiya biyu su yi ƙasa sosai, domin su ne ke cika wuri su toshe kari.

Feda tana tashi a daidai lokacin da sabon dunƙule ya yi ƙara, ta sauka nan take bayansa. In ta riga shi tashi, rami ya buɗe tsakanin sautuka. In ta makara, tsoho ya shiga cikin sabo. A ƙasan fiyano, inda tsirkiyoyi ke da kauri, sai an bar ƙafa a sama ɗan lokaci fiye da yadda aka saba, saboda ulun da ke kashe sauti ba ya kama kaurin tsirkiya nan take.

Abu na uku ya fi su duka. Bayan dogon sauti, kada a buga na gaba da ƙarfin da aka buga na farko. A saurari inda na farko ya dushe ya kai, a shigo da na gaba daga kusa da wannan matsayi, sannan a sake ginawa. In ba a yi haka ba, kowane sabon dunƙule zai zo kamar an ƙwanƙwasa ƙofa.

Fiyano na biyu, mai tsaya wa okestira, yana da tasa damuwar. Goge yana riƙe sauti yadda ya ga dama. Hanyar da aka saba a irin wannan sauyi ita ce girgiza hannu tsakanin sautuka biyu, amma mun ƙi ta a nan, domin tana kawo tashin hankali inda Kilar ya sa natsuwa. Muna sake taɓa dunƙulen a hankali bayan kowane bugu biyu, a tsakanin bugun fiyano na farko, da fedar hagu a ƙasa. Ƙaramin fiyanon na tsaye sautinsa gajere ne, wannan kuwa ya taimaka, ba ya gasa da babban.

21 ga Janairu

Ƙararrawa. A kiɗan Górecki fiyano yakan bar matsayinsa ya zama hasumiyar coci. A kashin farko na Simfoni ta 3, bayan doguwar tafiyar goge, fiyano ne ke buga E ya buɗe wa murya hanya ta shigo da makokin Maryamu na ƙarni na 15. Kleines Requiem für eine Polka, Op. 66, na 1993, na fiyano da makaɗa 13, da fiyano da ƙararrawar bututu yake farawa. Ba mu da makaɗa 13, don haka mun tsaya kan kashi na uku na Lerchenmusik, Op. 53, na tsakiyar shekarun 1980, wanda kilarinet, celo da fiyano ne kawai. A cikinsa kari mai kamar na limaman coci yana tafiya, sannan sannu a hankali dunƙulallun da suka buɗe Konceton Fiyano na 4 na Beethoven su bayyana daga cikinsa.

Abin da ya bambanta ƙararrawar coci da tsirkiya a sauti yake. Tsirkiya tana ɗauke da 'yan sautuka a samanta da suka jeru daidai, har da tazarar uku babba. Ƙararrawar Turai kuwa an zuba ta ne da sautuka biyar: gunji oktaf ɗaya a ƙasa, sautin tushe, tazarar uku ƙarama, ta biyar, da oktaf na sama. Ukun nan ƙarama ita ke ba ta duhunta. In tushe D ne na tsakiyar ƙasa, to D na ƙasansa, F, A da D na sama ke nan, kuma A ɗin ce mafi rauni. A tsarinmu na Bogurodzica haka muka jera bugun buɗewa. A takardar Górecki ba ma ƙara ko sauti ɗaya, sai dai mu daidaita nauyin waɗanda ya rubuta da wannan sani.

Bugun kansa: da sauri yatsa ke shiga, da sauri yake fita, feda ce ke riƙewa. Ƙararrawa ba a danne ta bayan an buga. Kuma tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kada ta motsa ko kaɗan, domin nauyin ƙarfe ne ke kaɗa ƙararrawa, ba ra'ayin mai ja ba. Nan ne kaɗai a shirin muka hana numfashi irin na jama'a.

Fedar tsakiya tana da amfani a nan, tana kuma da tarko. Tana kama sautukan da ulunsu ke ɗage a lokacin da aka taka ta, su kaɗai. Tsarin shi ne: danna maɓallan ƙasa, taka ta tsakiya da ƙafar hagu, sannan a taɓa ta dama. In fedar dama na ƙasa lokacin da aka taka ta tsakiya, dukan ulun fiyano ta kama, komai ya cakuɗe har sai an sake ta. A yawancin fiyanon tsaye fedar tsakiya ba wannan aiki take yi ba, ƙyalle take saukewa don rage ƙara, don haka ba a koyon wannan a kansu.

Da abokan busa da goge: kilarinet yana hawa in ya yi ɗumi, yana kuma hawa in an busa shi can ƙasa-ƙasa, alhali fiyano ba ya motsi. Mai busa zai ɗumama shi minti 10 kafin a daidaita, ya kuma ɗan zare wuyansa don sassan da ba ƙara. Celo ya rage rawar yatsa. Karin irin na limamai sauti miƙaƙƙe yake so.

30 ga Janairu

Mun cire Penderecki daga abin da za a buga. Konceton fiyanonsa, mai suna Tashi daga Matattu, ya fara shi a 2001 da niyyar kiɗa mai walwala, harin 11 ga Satumba ya sauya masa hanya ya saka waƙar sujada ta ƙirƙirarsa a ciki. Emanuel Ax ya fara buga shi a 2002 da okestirar Philadelphia a ƙarƙashin Wolfgang Sawallisch, aka sake masa fasali a 2007. Waƙar tana fara zuwa a hankali, daga baya ta dawo da dukan ƙahonin ƙarfe da ƙararrawa. Ƙarfinta a wannan taron yake. Da muka gwada ta a fiyano biyu sai ta koma duka kawai, kuma ƙara ƙarfin hannu ba ya ƙara tsawon sauti, taurinsa yake ƙarawa. Masu sharhi a Polan sun yi gardama mai zafi a kan konceton tun fitowarsa, kuma bai kamata a yanke masa hukunci da rabin jikinsa ba. Zai samu shafinsa a takardar bayani.

11 ga Fabrairu

Gwajin ɗauka. Makirfo biyu masu ji ta ko'ina, tazarar santimita 50 a tsakaninsu, mita 1.8 daga lanƙwasar fiyano, tsayin mita 1.6, murfi a buɗe duka. An ɗauka a bit 24, an saita ƙarfin da dunƙulallun buɗe Scherzo, aka bar sararin desibel 6 a sama. Na'urar matse sauti a kashe, domin tana ɗaga wutsiyar sauti ta ɓata dushewar da muka gina komai a kanta.

An samu aibu biyu. Na ɗaya gunjin lantarki. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, G na can ƙasan fiyano kuwa 49 ne, na samansa 98 a gefen 100 na wutar. A Nocturne, wanda ke G maina, sai aka ji ƙasan yana lilo sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, kamar fiyano ne bai saitu ba. Tace 50 ɗin a kwamfuta zai cinye G ɗin tare da shi. An koma batir, an kashe firji da fanka, an raba wayar makirfo da wayar wuta, gunjin ya tafi.

Na biyu ƙarar feda. A Corale ana canza ta da kowane dunƙule, sai aka ji "fuf" na ulu yana faɗa wa tsirkiyoyi, da ɗan bugu in ƙafa ta saki gaba ɗaya. Tafin ƙafa kada ya rabu da fedar, kuma kada a taka har ƙasa. Aikinta duka a ɗan tsakiyar tafiyarta yake, inda ulu ke barin tsirkiya. Mai saiti ya kuma sauya ƙyallen da ke ƙarƙashin sandar fedar, wanda ya taurare.

24 ga Fabrairu

Jerin ya zauna kamar haka: Bogurodzica, Nocturne, Scherzo, waƙoƙin Lutosławski shida, hutu na minti 15, ɗan tsarinmu na "Święty Boże" (murya ɗaya a oktaf, sau uku kamar yadda ake roƙon, kowane zagaye da ƙarin nauyi a ƙasa), Górecki, sannan Kilar. Rabin farko na Kirsimeti ne, na biyu na azumi. A Polan ana rera waƙoƙin Kirsimeti har 2 ga Fabrairu, azumin bana kuma zai fara 5 ga Maris, Ista 20 ga Afrilu, don haka muna neman ranar zaman a makon bayan Ista, lokacin da ba ɗayan rabin da zai saɓa wa kalandar coci sosai.

An yi muhawara a kan tafi. Za a roƙi jama'a su riƙe shi tsakanin "Święty Boże" da Górecki kawai, domin na farkon shimfiɗa ce ga na biyu. Sauran wurare a bar su su tafa, zaman kiɗa ne, ba sujada ba.

Abin da ya rage: amsar izinin sauya tsarin Corale ba ta iso ba, in kuma ba ta zo kafin 20 ga Maris ba, za a ƙara waƙoƙin Lutosławski huɗu a gurbinsa a sake jera rabin na biyu. Fassarar kalmomin waƙoƙin zuwa Hausa don takardar bayani ta kai huɗu cikin shida. Ɗakin da za a yi zaman ya fi na gwaji amo, saboda haka ranar 6 ga Maris za a kai fiyano can, a bar shi kwana 10 ya saba da iskar wurin, a saita shi, sannan a sake auna saurin Corale da na Górecki daga farko.